Yadda sanin saiwa da ganye ya riƙe gidanmu

An haife ni a wani ƙaramin ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanke mana Jigawa a 1991. Ƙasarmu rairayi ce, abin da take bayarwa gero ne da wake da riɗi da zoɓo, sai gyaɗa in shekara ta yi kyau. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Allah Ya jiƙansa, don haka ni da ƙannena a hannun Baffa muka tashi. Shaidar da zan bayar a kan wani ilimi ce da mutane suke ɗauka karatun 'yan firamare ne kawai, wato sanin saiwa da kara da ganye da fure da iri, da aikin da kowannensu yake yi. Ni da wannan ilimin aka ciyar da ni, kuma da shi nake ciyar da nawa iyalin yau.

Farin 1984 shi ne abu na farko da na riƙe sosai a rayuwata. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, ya ƙone a tsaye. Muka koma cin tafasa da ganyen aduwa da duk abin da daji ya bari. A saman rumbu kuwa akwai wani damin gero da Inna ta hana kowa taɓawa, manyan zangarniyoyi da aka zaɓa tun kakar da ta wuce. Ƙanwata tana kukan yunwa, Goggo ta ce a sauke shi a daka ko kunu a samu. Inna ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, wannan ba abinci ba ne, gonar baɗi ce." Ranar na ji haushinta ƙwarai. Da damina ta zagayo, wasu gidajen sai da suka sayar da akuya kafin su sami abin shukawa, mu kuwa ruwan farko yana sauka Baffa ya ɗauki sungumi.

A wannan daminar ce ya jiƙa ƙwayar wake ta kwana, ya ɓare ta biyu a tafin hannunsa, ya ce in matso. A tsakiyar akwai ɗan mitsitsin tsiro, da alamar saiwarsa da 'yan ganyayensa a naɗe. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Wannan shi ne waken. Sauran nan duk guzurinsa ne." Guzurin da zai ci ke nan har ya ɓullo ƙasa ya ga rana. Shi ya sa ba a binne ƙwayar gero ko ta riɗi da zurfi, domin guzurinsu kaɗan ne, zai ƙare tun ba su fito ba.

Baffa bai taɓa shiga aji ba, allo kawai ya yi. Amma mutum ne da ba ya wuce shukar da ta yi yaushi sai ya tuge ta ya duba gindinta. Ya ce ciwon shuka galibi a ƙasa yake farawa, ganye labari kawai yake kawowa. A wurinsa na fara ganin saiwar gero ba irin ta wake ba ce. Ta gero tarin zare ce da ke bazuwa ta ko'ina tana riƙe rairayi, kuma a ƙasa irin tamu tana iya nutsewa kusan mita 2. Ta wake kuwa akwai uwa guda da take miƙewa ƙasa, ƙanana suna fita daga jikinta. A kusa da bakin kowace saiwa akwai wasu gashi ƙanana da ido da ƙyar yake gani, su ne masu tsotso ruwa da sinadaran da suka narke a cikinsa. In aka fizge tsiro aka tsinke su, ko an dasa shi a laka sai ya yi yaushi kafin ya fitar da sababbi. Saboda haka ne yake sa mu yi nomanmu da ashasha a sama-sama, mu datse ciyawa ba tare da mun sari saiwar geron ba, kuma in ana rage gero a rami ba ya yarda a yi sai ƙasa tana da danshi.

Akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar wake da gyaɗa waɗanda muke ɗauka cuta ce. Baffa ya ce ba cuta ba ce, shi dai ya lura duk inda wake ya kwana bana, gero yakan yi kyau baɗi. Sai bayan shekaru na san cewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne suke zaune a cikin ƙullin, suna kamo sinadarin naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa suna mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki. Sinadarin nan shi ne wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, inda yake kashi 46 cikin 100. Gawo ma haka yake. Ga uwar saiwa da take bin ruwa can ƙasa inda gero ba ya kaiwa, ga shi yana zubar da ganye da damina daidai lokacin da shuka take son rana, ya yi kore da rani ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. A duk gonar, geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi tsayi da kaurin kai. Baffa zai iya yafe maka komai ban da sa wa gawonsa gatari.

Babban abokin gabarmu kuwa ƙuduji ne, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Ka gan shi da furensa mai kyau, shunayya-shunayya, alhali ya gama cinye maka gona. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, tushe ɗaya yana zubar da dubbai, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa take fitarwa, daga nan ta laƙe a jikin saiwar tana zuƙe ruwa da abinci. Kafin ya leƙo sama ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya tuge shi kafin ya yi fure don kada ya ƙara zubar da iri, ya kai taki, ya riƙa canza shuka. Wake ma yana da irin nasa ƙudujin, kuma masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano sun fitar da irin waken da yake jure masa. Duk yaron da ya yi yini yana tugar ƙuduji a rana ba ya bukatar a gaya masa cewa saiwa ce rayuwar shuka.

Abin da ya sa na ƙudurta sai na yi karatun nan mai zurfi shi ne mutuwar wani maɗaci. A bakin dandalinmu yake, a inuwarsa ake ɗaurin aure, a nan dattawa suke hira bayan la'asar. Masu neman sassaƙe suna zuwa, wannan ya ɓantari gefen gabas don maganin ciki, wancan ya ɓantari na yamma, har wata rana saran ya haɗe ya zagaye gindin gaba ɗaya. Baffa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "An yanke masa maƙogwaro." Mutane suka ce ai ga shi nan kore shar. Haka kuwa ya ci gaba da zama da ganyensa wani lokaci mai tsawo, har aka manta da maganar. Daga baya ya fara bushewa daga sama, reshe bayan reshe, har ya zama itacen girki. Na tambayi Baffa me ya sa bai mutu nan take ba, me kuma ya sa ya mutu daga baya. Ya ce shi dai ya san haka ake yi, dalili kuwa sai in na je makaranta na tambayo masa.

Ya sayar da riɗi da wani ɗan maraƙi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya biya mini kuɗin makaranta, har Allah Ya kai ni Kwalejin Ilimi ta Gumel. A can na samo masa amsarsa. Ashe hanyoyi biyu ne a jikin kara ko kututture. Ɗaya tana cikin itacen, ita ce take ɗauko ruwa da sinadarai daga saiwa zuwa ganye. Ɗayar tana cikin ɓawo, can ta ciki, ita ce take sauko da abincin da ganye ya haɗa zuwa saiwa da sauran jiki. Masu sassaƙe hanyar abinci suka datse, ta ruwa tana nan. Shi ya sa ganye ya ci gaba da shan ruwa yana kore, saiwa kuwa tana ƙasa tana cin ajiyarta har ta ƙare, yunwa ta kashe ta, bishiya ta bi ta. Da na dawo hutu na zauna na warware masa wannan tiryan-tiryan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. To ita kuka fa, da ake ɗaye mata ɓawo a yi igiya ba ta mutuwa?" Kuka tana cikin 'yan bishiyoyin da suke iya mayar da ɓawonsu ko an ɗaye shi da yawa, maɗaci da mangwaro da darbejiya ba su da wannan baiwar. Tambayar tasa ta nuna mini ya riga ni lura da abin da littafi ya ajiye a gefe.

Ganye kuma shi ne mai haɗa abincin. Yana ɗaukar ruwan da saiwa ta turo, ya shaƙi iskar kabon ta wasu ƙananan ƙofofi da suka fi yawa a bayansa, ya yi amfani da hasken rana ya haɗa sukari, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Koren launinsa shi ne mai kama hasken. Ta waɗannan ƙofofin ne kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha yake fita ya bi iska, wanda shi ne dalilin da masu lambu suke dasa tumatir da yamma ba da tsakar rana ba. Duk ƙwayar da ke kan zangarniya daga ganye aka ɗuro ta. Saboda haka raina yakan ɓaci in na ga ana zage ganyen dawa kore ana kai wa dabbobi tun ƙwaya ba ta cika ba. Na san halin da ake ciki, na san tunkiya ma amana ce, amma a ɗauki na ƙasa da suka fara rawaya, a bar na sama su gama aikinsu. Baffa yakan ba da labarin annobar gyaɗa ta 1975, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suka yaɗa. Ganye ya murɗe ya ƙanƙance, gyaɗa ta tsugune ba ta yi 'ya'ya ba. Tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa a ƙasar Kano, kuma ta ganye ta shigo.

Da na gama aka tura ni koyarwa a wani ƙauye wajen Birnin Kudu, inda ruwa ya fi namu yawa, ana noma masara. Abin da na tarar ya dame ni. Yara suna rera sunayen sassan tsiro da Turanci daga zanen allo, su ci jarrabawa, amma ka fita da su bakin gona ka ce su nuna maka furen masara sai su tsaya suna kallonka. 'Ya'yan manoma ne fa, a cikin shuka suka buɗe ido. A ganina wannan zalunci ne ga yaro, a raba masa abin da yake karantawa da abin da yake ci. Na daina zane. Nakan ce kowa ya zo da tsiro daga gida, da saiwarsa da ƙasarsa. Mu ɗaure leda a reshen darbejiya da safe, kafin a tashi ta yi gumi da ɗigon ruwa. Mu tsoma karan alayyafo a ruwan shuni, mu yanka shi daga baya, su ga ɗige-ɗigen shuɗi inda ruwa ya bi ya hau. Mu baje kayan miya da na marmari a tabarma mu tambayi kowanne asalinsa: rogo da dankali da karas saiwa ne, rake kara ne, dankalin Turawa ma kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, albasa gindin ganye ce da ya yi kauri, kuɓewa da tumatir 'ya'ya ne. Zoɓo ya fi ba su mamaki, domin jan abin da ake jiƙawa ba shi ne furen ba, ƙoƙon da yake riƙe da furen ne, wanda yake kumbura bayan furen ya faɗi.

Maganar fure ita ce ta haɗa ni da iyayen yaran. Wani dattijo maƙwabcina yana da 'yar gonar masara a bayan gida, ita kaɗai a wurin. Na same shi yana yanke kawunan masarar yana tara wa ragonsa, daidai lokacin da goyo ya fara fitar da gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah da an bar kan nan ya ƙara 'yan kwanaki." Ya ce, "Malam, ai goyon shi ne abinci, wannan na sama ado ne." Ba ado ba ne. Kan nan shi ne namijin fure, shi yake zubo bununi, wato garin da yake yin barbara. Gemun da ke bakin goyo shi ne ɓangaren mace, kuma kowane silin gashi ɗaya yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya. Silin da bununi bai faɗa masa ba, gurbinsa haka zai zauna fayau. Da kaka ya ɓare masararsa ya tarar da ita giɓi-giɓi, ya aiko jikansa da guda ɗaya a kawo mini in gani. Tun daga nan sai gemu ya bushe ya yi baƙi yake cire kan, kuma yakan bar ganyen. Mutumin kirki ne, shi ya riƙa gaya wa sauran dattawa a masallaci, suka ji daga bakinsa fiye da yadda za su ji daga nawa.

Gero da masara iska ce take ɗaukar musu bununi, kuma duk sanda na faɗi haka nakan tuna aya ta 22 a Suratul Hijri, inda Allah Yake cewa Ya aiko iskoki masu yin barbara. Kabewa da kankana kuwa sai ƙudan zuma. Furensu iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta, kuma in ƙwaro bai kai mata bununin namiji ba ƙullin zai yi rawaya ya faɗi. Mai lambun da yake feshi da hantsi lokacin da zuma take kan fure, da hannunsa yake korar ma'aikatansa. Gyaɗa tata hikimar daban ce: ta yi ɗan furenta rawaya a sama, in ya yi barbara sai wani ɗan tsinke ya fito ya sunkuya ya soki ƙasa, a can cikin duhu kwanson yake girma. Wanda ya shiga da fartanya da ƙarfi a wannan lokacin, gyaɗarsa yake tsinkewa. Dabino kuma, wanda Dutse ta yi suna da shi har akwai tashar bincikensa ta NIFOR, cibiyar binciken kwakwa da dabino, a can, namiji daban mace daban. Masu shi sukan hau su ɗauko silin furen namiji su saka a cikin na mace. Aikin nan tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen Madina suke yin sa, kuma labarinsa ya zo a hadisi. In ka shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, ba kuma za ka gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Shi ya sa masu sana'ar suka fi son cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau.

Albashin malamin firamare kowa ya san yadda yake. Baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ƙannena suna makaranta, ni kuma na yi iyali. Abin da ya fitar da mu shi ne auren mangwaro, wanda wani malamin gona ya koya mini a bakin wata fadama. Za ka shuka ƙwallon mangwaron gida mai jure wahala, in ya yi kaurin fensir ka yanke kansa, ka tsaga, ka fiƙe ɗan reshen mangwaro mai kyau ka soka a ciki, ka naɗe da leda. Sirrin duk yana ga wani siririn rufi mai santsi da ke tsakanin ɓawo da itace, wurin da bishiya take ƙara kauri. In na gindin da na reshen suka haɗu, hanyar ruwa da ta abinci za su ɗinke su zama ɗaya. In ba su haɗu ba, ko ka naɗe da zinariya reshen bushewa zai yi. Da ya nuna mini wurin, maɗacin dandalinmu na tuna, domin daidai nan masu sassaƙe suka yi masa illa. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, kuma irin na uwar da aka yanko reshen zai yi. Na ƙwallo yakan daɗe fiye da haka, kuma ba lallai ya gado uwarsa ba.

Na fara da 'yan ledoji a bayan ɗaki, ina ba su ruwan da aka yi alwala da wanke-wanke marar sabulu. A hankali mutane suka fara zuwa saye, daga ƙauyenmu har maƙwabta. Da kuɗin dashen nan aka yi wa Baffa aikin ido, ya sake ganin gonarsa kafin Allah Ya karɓi abinSa. Da shi ƙanwata, wadda ta yi kukan yunwa a shekarar fari, ta yi karatun aikin jinya. Alhamdu lillahi. Ba na barin mai saye ya tafi sai na gaya masa abin da zai yi: ya yage ledar ya bar ƙasar a jikin saiwa, ya dasa da yamma, kada ya binne wurin auren, ya cire duk tohon da ya fito a ƙasa da shi, ya kewaye da ƙaya domin akuya in ta gwaguye ɓawon ta zagaye shi, an gama. Wasu sukan yi dariya su ce Malam ya fara darasi. Waɗanda suka saurara su ne suke dawowa da mangwaro a leda su ce in ɗanɗana.

Yanzu na dawo gida kusa da Gumel, ina koyarwa, gandun dashen yana gefen rijiya. Ruwa shi ne babbar wahalata, daga watan Maris zuwa Mayu sai mun yi ja da asuba ni da yarana kafin mata su zo ɗiba, ga gara da take bin saiwar ƙananan. Bana na ƙara gawo da aduwa duk da ba su da kasuwa, kyauta nake ba iyayen ɗalibaina. Ƙwayar gawo tana da taurin ɓawo, sai an ɗan kankare ta ko an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta tsiro, kuma uwar saiwarsa tana saurin huda leda ta kama ƙasa, don haka ba ya son daɗewa a gandu. Na riga na yi magana da mai unguwa, da zarar ruwa ya zauna za mu fitar da su gonaki, kowane gida da ya karɓa shi zai kawo ƙayar da za a kewaye nasa.